Darasi a Kan Yara Masu Galahanga da Makarantunsu

Darasinmu na wannan wata a kan waɗansu yara ne da kusan kowane malamin makaranta ya taɓa gamuwa da su, ko da bai san sunan abinda ke tare da su ba. Yaro ne lafiyayye a ido, kunnensa yana ji, amma in an kira sunansa ba ya waiwayowa. Ba ya shiga wasan 'yan'uwansa. Ya kan koma gefe yana jera marafan kwalba a layi, in wani ya taɓa masa guda sai kuka da birgima. Waɗansunsu ba su magana sam. Waɗansu suna magana, har su haddace abinda ya gagari manya, amma ba su iya hira ba. Likitoci suna kiran wannan hali otizim. A rediyo da jaridun Hausa a kan ce galahanga, ko da ya ke mutane suna ba waɗansu lalurori dabam wannan suna. A cikin darasin nan, duk inda mu ka ce galahanga, otizim mu ke nufi.

Tambayar da iyaye su kan kawo ita ce, "Wace makaranta za mu kai shi, ta kowa da kowa ko ta musamman?" Za mu duba duka biyu. Amma tun yanzu sai mu riƙe wannan: sunan makaranta ba ya koya wa yaro kome. Abinda ya fi raba yaron da ya ci gaba da wanda ya tsaya shi ne ko an sami babba guda wanda ya san halinsa, ya kuma gyara masa wurin zama da hanyar karatu.

Domin kada maganarmu ta tafi a iska, za mu ɗauki unguwa guda mu bi yaronta zuwa makaranta. Mun zaɓi Kabara, cikin birnin Kano, daf da Gidan Sarki. Unguwar ta sami sunanta daga Malam Umaru Kabara, wanda ya zo daga wajen Tambutu a ƙarshen ƙarni na 18, ya zauna nan yana ba da karatu. Daga zuriyarsa Shehu Nasiru Kabara ya fito, shugaban Ƙadiriyya wanda ya rasu a 1996. Unguwar malamai ce, karatu shi ne abin alfaharin gida. A wuri irin wannan, in yaro ya kasa karatu kamar sauran yara, nauyin da ke zuciyar iyayensa ninki biyu ne. Yawancinmu masu karanta wannan takarda ba cikin birni mu ke zaune ba, amma akwai a cikinmu malaman makaranta da ma'aikatan asibiti waɗanda 'ya'yan birni ke biyowa ta hannunsu kullum. Irin yaron nan kuwa yana Sabon Gari, yana ƙauyukanmu, wataƙila ma yana cikin gidanmu.

1. MENE NE WANNAN HALI?

A shekara ta 1943 wani likita a birnin Baltimore na Amurka, Leo Kanner, ya rubuta labarin yara 11, maza 8 da mata 3. Ya ga abu biyu sun haɗa su. Na fari, wuyar cuɗanya da mutane da wuyar musayar magana. Na biyu, son kome ya kasance yau kamar yadda ya ke jiya, tare da maimaita abu guda. Har wa yau a kan waɗannan biyu likitoci ke dogara. An kuma ƙara gane cewa da yawansu suna jin ƙara, da haske, da wari, da taɓawa fiye da yadda mu ke ji. Ƙarar da ba ta dame mu ba, gare su kamar allura ce a kunne.

Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. A 1978 wani mai bincike, Victor Lotter, ya ba da labarin yara fiye da 1,300 da ya duba a ƙasashen Afirka shida, har da Nijeriya, ya kuwa sami waɗansu masu wannan hali sak. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen yaro 1 cikin 100 yana da shi. Bisa ga wannan lissafi, unguwar da ke da yara dubu ba za ta rasa wajen goma ba. An fi samunsa ga maza, amma mata ma suna da shi.

Daga ina ya ke zuwa? Yawancinsa gado ne, da shi a ke haihuwar yaro. Binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter su ka buga a Ingila a 1977 shi ne ya fara nuna haka. A dā waɗansu likitoci sun ɗora laifi a kan uwa, wai ba ta nuna wa ɗanta ƙauna ba. Wannan magana ta faɗi tuni. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi. Takardar da ta ta da wannan tsoro a Ingila a 1998 an janye ta a 2010, an kuma kore mai ita daga aikin likita. A ƙasar Denmak an bi yara fiye da 650,000, a ka buga sakamakon a 2019, ba a sami wata dangantaka tsakanin rigakafin ƙyanda da galahanga ba. A wajenmu kuma a kan ce ɗan ruwa ne, ko iska ta taɓa shi, ko kishiya ta yi masa sammu. Rashin sani ya fi dare duhu. Ɗauri da mari da duka, ko a gidan boka, ko a gidan malami, ko a gidan addu'a, ba su taɓa koya wa yaro magana ba.

Sai mu lura kuma, ba a taru an zama ɗaya ba. Wani yana da raunin fahimta tare da galahanga, wani kuwa ya fi dukan ajinsu lissafi. Wani yana da farfaɗiya, wadda ke bukatar maganin asibiti. Saboda haka abinda ya dace da wannan ba lalle ya dace da wancan ba.

2. A MAKARANTAR ALLO

Yaron Kabara ya kan fara karatu a soron malam, da allonsa a hannu. Mu duba wannan makaranta da idon mai koyo, gama akwai hikima a cikin tsarinta. Kowane almajiri da nasa allo, da inda karatunsa ya tsaya. Malam ya kan kira su ɗai ɗai, ya biya wa yaro, yaro ya maimaita. In ya riƙe, ya wanke allo a yi masa ƙari. In bai riƙe ba, ya koma ya zauna a kai. Daga babbaƙu zuwa farfaru kowa da saurinsa ya ke tafiya, ba a cewa wane ya faɗi jarrabawa an bar shi a baya. Wurin zama guda ne, malami guda ne, lokaci guda ne, yau kamar jiya. Yaro mai galahanga yana son irin wannan tsari. Masanan ilimi na musamman suna cewa a shirya wa kowane yaro karatu daidai gwargwadonsa, ga shi kuwa allo ya daɗe yana yin wani abu mai kama da haka.

Amma akwai abu biyu masu wuya a gare shi. Na ɗaya, ƙara. Sa'anda yara arba'in su ka ɗaga murya gaba ɗaya, kowa da nasa karatu, yaron nan ya kan toshe kunnuwa, ko ya yi ta rausaya jiki, ko ya tashi a guje. Na biyu, bulala. Mai bulala yana zaton taurin kai ne, alhali yaron gudun ciwo ya ke yi. Malamin da ya gane, ya zaunar da shi a bakin ƙofa ko ya ba shi karatunsa kafin sauran su taru, ya kan ga abin mamaki, gama waɗansunsu suna da ƙarfin hadda ƙwarai.

Sai dai hadda tana iya ɓoye abu. Yaro ya kan kawo shafi guda ba tuntuɓe, amma in ƙishirwa ta kama shi ba ya iya cewa a ba shi ruwa. In an tambaye shi, "Yaya sunanka?" sai ya amsa, "Yaya sunanka?" Wannan gargaɗi namu ne mu ma, a duk inda mu ke sa yara su haddace abu su maimaita da baki ɗaya.

3. A AJIN KOWA DA KOWA

Da ya kai shekara shida sai a kai shi firamare. Nan tsari ya sāke. Dukan aji littafi guda, shafi guda, sauri guda. A makarantun gwamnati na Kano ba abin mamaki ba ne a tarar da yara ɗari a aji ɗaya. Ƙarancin ajujuwa da kujeru da malamai yana cikin abinda ya sa gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni 2024. Malamin da ke gaban yara ɗari da ƙyar ya san sunayensu, balle halin kowane.

Me yaran da kansu su ke faɗi? Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A 2008 malaman Jami'ar Manchesta biyu, Neil Humphrey da Sarah Lewis, sun buga abinda su ka ji daga ɗalibai 20 masu galahanga a makarantun sakandare huɗu na arewa maso yammacin Ingila. Ƙasa ce mai arziki, ajujuwansu ba su kai namu cika ba, duk da haka kukan yaran sananne ne gare mu. Sun yi kukan hayaniya da turereniya, da sauyin da ke zuwa ba sanarwa, da tsokana da cin zali. Waɗansu ba su so a ga mataimakin malami a manne da su, domin yana nuna su dabam ne. Waɗanda su ka sami aboki ko da guda sun fi samun sauƙi.

A ƙasarmu akwai ƙarin abubuwan da ya kamata malami ya sani. Maganarmu cike ta ke da habaici da karin magana da ba'a, yaron nan kuwa yana ɗaukar magana yadda ta fito. In malam ya ce, "Kai, ɗaga ƙafa mana," yana nufin ya yi sauri, sai yaro ya tsaya cik ya ɗaga ƙafa guda. Aji ya fashe da dariya, malam ya ɗauka reni ne, bulala ta sauka. Yaron kuwa bai san laifinsa ba. Wasan tsokana da a ke yi tsakanin taubasai ko tsakanin jika da kaka, wanda mu ke jin daɗinsa, shi ya kan ɗauke shi da gaske.

Lokacin tara, sa'anda a ka fita shan iska, shi ne ya fi masa wuya, gama ba malami a kusa. Yara su kan gane da wuri wane ne za a iya zuga shi ya yi ihu. Su tsokane shi a ɓoye, shi kuwa ya rama a fili, shi ne kuma zai sha horo. Su laƙa masa suna, dolo ko gaɓo ko mahaukaci, sunan ya bi shi har gida.

Mu lura da 'ya mace kuma. A al'adarmu a kan yabi yarinya mai shiru, mai sunkuyar da kai. Yarinya mai galahanga ta kan zauna shekara shida a bayan aji ba wanda ya kula, ana cewa kunya ce da ita. Da yawansu suna kwaikwayon ƙawayensu domin kada a gane su, sai sun koma gida gajiyar ta fashe da kuka. Haka nan rashin kallon ido, wanda likitocin Turai ke lissafawa cikin alamu, a wajenmu ladabi ne yaro ya kawar da ido daga babba. Wannan sauƙi ne ga yaron, tunda ba mai tilasta masa kallo, amma ya kan sa a makara wajen ganewa.

Duk da wannan, ajin kowa da kowa yana da albarka wadda ba a samu a wani wuri. Yaro yana jin maganar tsaransa kullum yana koyo. Yana tafiya makaranta da 'yan layinsu, waɗanda zai zauna da su har tsufa. Yana iya zana jarrabawa ya sami takardar shaida. Su ma sauran yaran suna koyon zama da wanda ba kamarsu ba.

4. A MAKARANTA TA MUSAMMAN

Sa'anda hedimasta ya gaji, ya kan kira uban yaro ya ce, "Alhaji, a kai shi makarantar irinsu." To, ina ce makarantar irinsu?

Makarantun musamman na ƙasar nan da makafi da kurame su ka fara. Mishan ta S.U.M. ta buɗe makarantar yara makafi a Gindiri a 1953. Andrew Foster, baƙar fatan Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe ta kurame a Ibadan a 1960. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta keɓe sashe domin ilimi na musamman, a wannan shekara kuma a ka kafa kwalejin horar da malamansa a Oyo. A Kano, cikin shekarun 1970, gwamnati ta kafa makarantar kurame da makafi wadda a ka sani da Tudun Maliki, a bayan ganuwa wajen hanyar gidan zu. A nan Tudun Maliki kuma a ka san Gidan Torrey na kula da yara masu raunin ƙwaƙwalwa. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimi na musamman inda a ke horar da malamai.

Wannan aiki ne mai daraja. Amma sai mu tuna makarantar kurame an shirya ta domin wanda ba ya ji, ta makafi domin wanda ba ya gani. Yaro mai galahanga yana ji yana gani. Maganar hannu ta kan taimaki wanda ba ya magana, amma bukatarsa ta wuce nan. A Ingila ma sai da iyaye su ka haɗa kai, su ka buɗe makarantar irin waɗannan yara a London a 1965 a ƙarƙashin wata malama, Sybil Elgar. A manyan biranenmu akwai makarantun kuɗi da ke wannan aiki, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka.

Manya masu galahanga da su ka yi makarantun musamman a ƙasashen waje sun ba da shaida iri biyu. Waɗansu sun ce nan ne su ka fara numfasawa. Aji ƙarami ne, malamai masu haƙuri, ba mai yi musu dariya, nan su ka fara samun abokai. Waɗansu kuma sun ce an rena ƙwaƙwalwarsu. Shekara da shekaru ana ba su aikin ƙananan yara, ba a sa su jarrabawa ba, su ka fito ba takarda ba sana'a. In makarantar ta kwana ce, ga rabuwa da gida ga yaron da ko sauya masa kwanon abinci yana tayar masa da hankali, wanda kuma in an cuce shi ba ya iya faɗi. Iyayen da za su kai ɗansu irin wannan wuri, sai su riƙa zuwa dubiya a kai a kai.

5. LABARIN MUTUM BIYU

Yaro na fari a cikin 11 ɗin nan na Kanner sunansa Donald Triplett. An haife shi a 1933 a wani ƙaramin gari, Forest, a jihar Misisipi. Yana ɗan ƙarami a ka kai shi wani gidan kula da yara, ya yi wajen shekara guda, ya ƙara shiga cikin kansa, iyayensa su ka ɗauko shi. A 1942 su ka ba da shi riƙo ga wani manomi da matarsa, ya yi shekara huɗu a can. Mutanen nan ba su yi karatun likita ba, amma sun lura da shi. Da su ka ga yana son awo, su ka sa shi haƙa rijiya yana faɗa musu zurfinta. Da su ka ga yana ta ƙirga kunyoyin masara, su ka ce ya ƙirga yana nome su. Ya kuma shiga makarantar ƙauyen, inda a ka karɓe shi yadda ya ke. Daga baya ya gama kwalejin Millsaps a 1958, ya yi aikin banki a garinsu shekaru masu yawa, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Ta biyu ita ce Temple Grandin, wadda a ka haifa a Amurka a 1947. Ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku. A ƙaramar firamarensu ta ji daɗi, gama aji ƙarami ne, malamai da uwarta suna shawara tare. A babbar makaranta kuwa tsokana ta yi yawa, har ta jefi wata yarinya da littafi, a ka kore ta tana da shekara 14. A ka kai ta makarantar kwana ta musamman, inda ta gamu da malamin kimiyya, William Carlock. Ya ga hankalinta ya tafi ga matsattsen shingen da a ke riƙe shanu a ciki, wanda ta gani a gonar innarta. Maimakon ya hana ta, sai ya sa ta bincika dalilin da ya sa saniya ke natsuwa a cikinsa. Ta sami digiri na uku a ilimin dabbobi a 1989, ta koyar a jami'a a Kolorado, shanu masu ɗimbin yawa kuma sun bi ta cikin shingayen da ta tsara.

Sai mu gwada su. Donald ya ci gaba a makarantar kowa da kowa. Temple ta ji daɗin wata makarantar kowa da kowa, ta sha wuya a wata, ta farfaɗo a ta musamman. A kowane wuri da su ka ci gaba akwai babba wanda ya dubi abinda yaron ke so, ya mai da shi ƙofar karatu. Ba kowane yaro zai kai inda su ka kai ba. Wani iyakar nasararsa ita ce ya iya nuna abinda ya ke so, ya yi wanka, ya sa riga da kansa. Wannan ma karatu ne, kada mu rena shi.

6. ABINDA DOKA TA CE

A watan Yuni 1994 wakilan gwamnatoci 92 su ka taru a Salamanka ta ƙasar Sifen, su ka yarda cewa makarantun kowa da kowa su karɓi dukan yara, makaranta ce kuma za ta gyara kanta domin yaro. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su karɓe su, kowace ta sami aƙalla ma'aikaci guda mai horo domin su. Ya kamata iyaye su san wannan sa'anda su ke magana da hukumar makaranta. Amma zama a aji dabam, karatu dabam. In an rubuta sunan yaro a rajista, a ka bar shi a bayan aji yana toshe kunne, an cika takarda, yaron kuwa bai sami kome ba.

7. ABINDA ZA MU IYA YI

Ga iyaye. A fara da asibiti, a gwada kunnen yaro, gama sanƙarau da ƙyanda suna kurmantar da yara, kada a ɗauki wannan a madadin wancan. Mutumin Kabara yana da asibitin yara na Hasiya Bayero kusa da shi, ga asibitin Murtala, ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Babu ƙwaya ko jiƙo da ke raba yaro da galahanga, duk mai sayar da irin wannan kuɗinku ya ke so. Koyarwa da wuri ita ke taimako, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kada a kulle yaro a ɗaki don kunyar baƙi. Kafin a zaɓi makaranta, a je a zauna a ajin a gani. Yara nawa ne? Malamin yana duka? Ya yarda a riƙa shawara da shi? Wane ke duban yara lokacin tara?

Ga malamai, ko na boko, ko na allo, ko na makarantar Lahadi.

(a) A ba shi wurin zama guda, gaba kusa da bango, nesa da ƙofa.

(b) A yi masa gajeriyar magana, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ba habaici. A ƙirga goma a zuci kafin a maimaita.

(c) A zana masa ayyukan yini a jikin kwali bi da bi. In za a sāke wani abu, a gaya masa tun da wuri.

(d) Wanda ba ya magana, a ba shi hotuna. In ya miƙa hoton kofi, a ba shi ruwa a kuma faɗi kalmar. Andy Bondy da Lori Frost su ka tsara wannan hanya a Amurka a 1985. Kwali da almakashi sun isa a fara.

(e) A keɓe masa wuri mai shiru, ofis ko gindin itace, inda zai je in hayaniya ta fi ƙarfinsa. Rausaya jiki da kaɗa hannu hanyarsa ce ta kwantar da hankali. In ba ya cutar kowa, a ƙyale shi.

(f) In ya yi ihu ko birgima, a tambayi abinda ya faru kafin nan. Sau da yawa za a tarar da ƙara, ko yunwa, ko ciwo, ko mai tsokana.

(g) A zaɓi yaro guda ko biyu masu kirki su zama abokan tafiyarsa, a kuma yi wa aji bayani.

(h) A koya masa gaisuwa dalla dalla. Gaisuwarmu tana da tsari, tambaya da amsarta sanannu ne, irin abinda ya ke iya riƙewa ke nan. Yaron da ya iya durƙusawa ya ce "Ina kwana," mutanen unguwa za su buɗe masa fuska.

(i) A nemi abinda ya ke so, a koyar ta wurinsa. Mai jera marafan kwalba, da su zai koyi lissafi. In ya girma, aikin da ke son natsuwa da maimaici, kamar ɗinkin hula, ko dukanci, ko rini irin na Ƙofar Mata, ko aikin kwamfuta, zai iya zama abincinsa.

Ga maƙwabta. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Uwar irin wannan yaro ta kan daina zuwa biki da suna, saboda idon mutane da bakinsu. A riƙa shiga ana gaishe ta. A riƙe mata yaron sa'a guda ta huta. A tsawata wa 'ya'yanmu in sun bi shi da jifa.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abu biyu ne Kanner ya gani sun haɗa yaran nan 11?

2. Me ke cikin tsarin makarantar allo da ke taimakon yaro mai galahanga, me kuma ke ba shi wuya?

3. Don me a kan makara wajen gane 'ya mace?

4. Me manomin nan da malamin kimiyyan nan su ka yi iri ɗaya?

5. In uba ya zo ya ce maka, "Malam, wace makaranta zan kai ɗana?" waɗanne tambayoyi za ka yi masa kafin ka ba shi shawara?

AIKIN WANNAN WATA

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 2 ga Afrilu domin tunawa da masu galahanga, an fara kiyaye ta a 2008. Mu kada mu jira wannan rana. Kowane mai karatu ya bincika a layinsu ko akwai yaron da ya isa makaranta amma yana gida saboda irin wannan hali. Ya je ya gai da iyayen, ya karanta musu kashi na 7, in sun yarda ya raka su wurin hedimasta. Kowane malami kuma ya zaɓi abu biyu daga cikin jerin nan ya gwada su mako huɗu, ya rubuta abinda ya gani, ya kawo wurin taron malamai a tattauna.